Wanda ya ce maka tatsuniya yake yi ba shi ne maƙaryaci ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasiyyar nan da ake jinginawa Shehu Ahmad ta sake zagayowa Damagaram. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa ya san ta. Wai wani mai hidima a masallacin Annabi (SAW) a Madina ne ya yi mafarki daren Juma'a, Manzon Allah ya gaya masa dubban mutane sun mutu cikin mako guda ba a kan imani ba, kuma wanda ya yaɗa takardar zai samu buɗi, wanda ya ƙi kuwa musiba za ta same shi. A da kwafinta ake bugawa a raba a ƙofar masallaci. Yanzu murya ake turowa, mai karantawar har yana shessheƙa. Takardar nan ta girmi kakanninmu. Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta cewa tun yana yaro yake ganinta, Shehu Bin Baz kuma ya yi rubutu na musamman yana bayyana cewa ƙage ce. Duk da haka tana nan da ranta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mutumin da zai tura maka wannan saƙo da asuba, shi ne da yamma zai fizge littafin labari daga hannun 'yarsa ya ce ba a karanta littafin ƙarya a gidansa. Ba na shakkar niyyarsa, yana son 'yarsa, yana son addininsa. Amma ya juya abin. Littafin da ya ƙwace bai taɓa cewa abin da ke cikinsa ya faru ba. Saƙon da ya tura kuwa ya sa magana a bakin Manzon Allah, maganar da bai faɗa ba. A cikin biyun nan ɗaya ce ƙarya, kuma ita ce wadda ta sa rawani.

Ƙaryar da ake yi don Allah tsohuwar cuta ce, malaman hadisi sun san ta tun ƙarnonin farko. Littattafan ilimin hadisi sun kawo labarin Nuhu ɗan Abu Maryam, alƙalin Marwa. An tambaye shi ina ya samo hadisan falalar surorin Alƙur'ani sura bayan sura, da ya ce daga Ikrima ne daga Ibn Abbas, alhali almajiran Ikrima ba su san su ba. Sai ya ce ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya, sun shagala da fikihun Abu Hanifa da tarihin yaƙoƙi na Ibn Ishaƙ, shi ne ya ƙirƙira su don neman lada. Ku duba da kyau, ba kuɗi yake nema ba, ba sarauta ba. So yake mutane su koma ga Littafin Allah. Amma malamai ba su yi masa uzuri ba, sun sa sunansa cikin maƙaryata, domin hadisin da ya ce wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta yana cikin hadisan da suka fi kowane yawan hanyoyi. Wasu sun yi ƙoƙarin zamewa, suka ce ai su ƙarya suke yi domin taimakon Annabi, ba don cutar da shi ba. Malamai suka rufe wannan ƙofa ma. Wanda ya ƙara wa addini abin da babu a ciki, yana cewa ne a fakaice abin da aka saukar bai isa ba.

Kuma a duba irin wahalar da aka sha kafin a ce hadisi ya inganta. Ba daɗin maganar ake dubawa ba, ba kuma yawan masu kuka idan sun ji ta ba. Ana bin mutanen da suka miƙo ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai gaskiya ne? Yana riƙe abin da ya ji, ko ya rikice da ya tsufa? Ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga wurinsa? Nan ne ake buɗe shekarun haihuwa da na rasuwa, a ga ko malamin ya riga ya rasu kafin a haifi almajirin. Sai a kwatanta ruwayarsa da ta abokan karatunsa, ko shi kaɗai ya zo da abin da sauran ba su ji ba. Buhari, da ya rasu a 256 bayan hijira, da Muslim, da ya rasu a 261, sun ƙare rayuwarsu a kan wannan aiki, daga gari zuwa gari a kan raƙuma. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Muslim kuma ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wannan gadonmu ne. Al'ummar da ta gina irin wannan ilimi bai kamata a same ta tana yawo da "an ce wani malami ya ce" ba.

Mu da muka yi lakwal muna da namu irin. Shekara da shekaru ana gaya mana Kwamanda Kusto, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya musulunta bayan ya ga inda ruwa biyu suka haɗu ba su gauraya ba. Cibiyarsa ta musanta tun yana raye, da ya mutu a 1997 kuma a cocin Notre-Dame na birnin Paris aka yi masa addu'ar bankwana. Haka labarin Neil Armstrong, wai ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969, shi ma an musanta shi tun da daɗewa. Ayar haɗuwar teku biyu da ke cikin Suratur Rahman ba ta bukatar shaidar Kusto. Illar tana wajen yaron da ke lise ko jami'a, mai waya a hannu. Rana ɗaya zai bincika ya ga labarin ba shi da tushe, daga nan sai ya fara tambayar kansa, to sauran abin da malam ya faɗa fa? Mai ƙagen ya yi zaton yana ɗaure imanin yaron ne, ashe kwance shi yake yi.

Yanzu mu zo ga mai labari. Kakarmu idan za ta fara tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Idan ta gama sai ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Tun daga ƙofa ta gaya maka inda ka shiga, a wajen fita ta sake tuna maka. Ba yaron da ya taɓa fita neman gidan Gizo da Ƙoƙi a Birni. Amma duk wanda ya girma da waɗannan labarai ya san kwaɗayi idan ya gan shi, ya san mai wayon da wayonsa ke komawa kansa, ya san marainiyar da kishiyar uwa ke aika ta rafi cikin dare. Gizo bai wanzu ba, halinsa kuwa yana nan a kasuwa da ofis da cikin gida. Irin wannan gaskiya ce adabi ke ɗauke da ita, gaskiyar halin ɗan Adam, kuma ba a tambayarta isnadi. A kasuwar Dole ba a auna yadi da tiya, ba a auna gero da awon tela.

Wanda ke ganin ƙirƙirar labari haramun ce a kanta, ya je zauren malamansa ya duba abin da ake karantawa. Bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ɗalibin da ya yi nisa a lugga yana karanta Maƙamatul Hariri. Maƙama 50 ce, marubucinta ya rasu a 516 bayan hijira, kuma jaruminta Abu Zaid mutumin Saruj ɗan damfara ne mai zaƙin baki da ke yawo gari gari yana cutar mutane da fasaha. Ƙagaggen labari ne, malam ya sani, almajiri ya sani, an kuma yi ɗaruruwan shekaru ana fassara shi da Hausa a zaurukan ƙasar nan ba wanda ya ce an koyar da ƙarya. Haka waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, da Imru'ul Ƙaisi a gabansu. A cikin Buhari da Muslim akwai hadisin Ummu Zar'in, inda Nana A'isha ta ba Annabi (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowace tana siffanta mijinta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in. Ayoyin ƙarshen Suratush Shu'ara da ake yawan kawowa a kan mawaƙa, a ƙarasa su, domin sun ware waɗanda suka yi imani suka aikata na gari. Hassanu ɗan Sabit mawaƙi ne, a masallacin Madina yake rera waƙarsa.

Ba ina cewa duk abin da aka rubuta da sunan labari mai kyau ba ne. Cikin littattafan da ke zuwa mana daga Kano, da waɗanda yanzu ake rubutawa kai tsaye a waya, akwai na batsa, akwai masu koya wa yarinya cewa miji shi ne mai mota da gidan bene. Uba yana da haƙƙin ya hana. Amma ya hana da hujjar da ta dace, ya ce wannan yana ɓata tarbiyya. Idan ya ce don bai faru ba ne, ya haɗa mai kyau da marar kyau ya zubar, har da littafin da zai sa ɗansa ya ji zafin auren dole ko halin almajirin da ke kwana a tasha, abin da wa'azin shekara bai sa ya ji ba. Mu mutanen garin wasan kara ne. Mun san talaka na iya sa kayan gwamna ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a gaban jama'a, kowa ya san ba gwamnan ba ne, kuma a cikin wannan kwaikwayo a faɗi abin da ba mai iya faɗa a fili.

Inda adabi ke zama haɗari shi ne idan ya shiga rigar tarihi, mai karatu ya manta. Misali mafi kusa da mu shi ne Sarauniya. Gaskiya ne a 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙona garuruwa ta kashe jama'a a hanyarta ta zuwa gabas, ta yi karo da mutanen Lugu ƙarƙashin sarauniyarsu. Amma abin da takardun Faransawa suka rubuta a kanta kaɗan ne ƙwarai. Sarauniyar da muka sani yau, da yarintarta da kalamanta da tunaninta, yawancinta daga littafin Abdoulaye Mamani ne na 1980, mutumin da ya yi rayuwarsa a garin nan, sai fim ɗin Med Hondo na 1986 ya ƙara mata fuska da murya. Mamani bai yaudari kowa ba, labari ya ce ya rubuta, kuma ya yi babban aiki da ya ɗaga sunan macen da aka so a manta. Laifin namu ne idan muka ɗauki jawabin da marubuci ya sa a bakinta muka kawo shi a muhawara a matsayin abin da ta faɗa.

Tarihin Damagaram ma haka yake, kuma a nan ne nake so matasanmu su fi yin hattara, domin abin da mutum ke so shi ya fi saurin ruɗarsa. Sarki Tanimun ya gina ganuwa, ya sa an ƙera igwa a garin nan, ya mulki ƙasar har zuwa 1884. Wannan tarihi ne. Kirarin da maroƙan fada ke yi masa kuwa kirari ne, aikinsa ya motsa jini, ya tuna wa jikoki ko su wane ne, ba lissafin mayaƙa ba. Da aka kashe Kyaftin Cazemajou, wani hafsan Faransa, a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, Faransawa sun rubuta abin a matsayin cin amanar baƙo. A wajen fada kuwa akwai tsoron cewa baƙon nan yana kan hanyar zuwa wurin Rabe ne, wanda ya riga ya rushe Borno. Shekara ta zagayo, aka yi yaƙin Tirmini a 1899, gari ya faɗa hannunsu. A 1906 aka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya makirci, aka tuɓe shi aka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko makircin ya wanzu, ko kuwa zuga ce ta masu neman wuri a gindin Bature. Ka ga yadda "an ce" ta tuɓe sarki. Aikin da masanin tarihi André Salifou ya yi a littafinsa na 1971 a kan Damagaram shi ne ya ajiye takardun Turawa a gefe ɗaya, maganar dattawa a gefe ɗaya, ya auna. Shi ɗin ne kuma ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun, bai kuma haɗa biyun a littafi ɗaya ba, domin ya san kowanne da aikinsa. Ibn Haldun ya yi wannan gargaɗi tun 1377 a Muƙaddima, inda ya lissafa son wani ɓangare da neman kusanci da masu mulki cikin abubuwan da ke shigar da ƙarya a tarihi.

Saura abu mafi wuya, wato abin da mutum ya gaskata a zuciyarsa. Ba na raina shi. Akwai wanda ya yi addu'a cikin tsanani ya ga buɗi, akwai wadda ta yi mafarki da mahaifiyarta da ta rasu ta tashi zuciyarta ta yi sanyi, akwai wanda wuridinsa ne ya raba shi da shaye-shaye. Ba wanda ya isa ya ce musu ba su ji abin da suka ji ba. Amma wannan nasu ne, bai zama hukunci a kan maƙwabci ba. Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya yi bayani cewa ba a gina hukuncin shari'a a kan mafarki, iyakarsa bushara ko gargaɗi. Ƙarfin da kake jin abu a ranka ba shi ne hujjar ingancinsa ba, domin wanda ke saɓa maka shi ma haka yake ji a nasa ran.

Mu Malikawa ne a ƙasar nan, to mu dubi Malik ɗin. An ruwaito cewa an yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Da halifa ya so ya ɗora wa dukkan Musulmi littafinsa Muwaɗɗa, shi da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun warwatsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iso musu. Wannan mutum ne da ya haddace hadisan Madina. Mu kuwa yaro ya saurari wa'azi uku a waya, sai ya daina gaida kawunsa a kan kabalu da sadalu, mas'alar da malaman mazhaba suka tattauna tun kafin a kafa Damagaram ba tare da sun raba masallaci ba. A fada wajen shan shayi za ka ji ɗan Izala da ɗan ɗariƙa kowa na jefa wa ɗan uwansa wuta, kuma idan ka nemi a buɗe littafi sai a ce ai abin a fili yake. Akwai abin da yake a fili, kamar kaɗaita Allah da wajabcin salla da haramcin zalunci, ba mai jayayya a kansu. Akwai kuma abin da fahimta ce ta malamai, inda mutum zai riƙe nasa da hujja, ya bar wa ɗan uwansa nasa. Wanda ya mayar da kashi na biyu kamar na farko ya faɗi abin da ba haka yake ba game da addini, ko da kowane hadisin da ya kawo ingantacce ne.

Garin nan ya ga inda zafin zuciya ke kai mutane idan ba a tsaya an tambaya ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona coci-coci a Damagaram, an ƙona cibiyar al'adun Faransa da ɗakin karatunta, an rasa rayuka. Son Annabi (SAW) da ke zukatan mutane gaskiya ne. Cin mutuncin da aka yi gaskiya ne, ya ƙona ran kowane Musulmi. Amma cewa Kiristan da muke saye da sayarwa da shi, wanda 'ya'yansa ke aji ɗaya da namu, yana da hannu a abin da aka zana a Paris, wannan ba gaskiya ba ne. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, ya kuma ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. A Suratul Hujurati an umarce mu da bincike idan labari ya zo, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ayoyin nan duk mun haddace su tun a makarantar allo. Littattafan da suka ƙone ranar kuwa yaran garin nan ne ke aron su.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Malamanmu da ke da fili a gidajen rediyon garin nan, na kowane ɓangare, su ware minti goma a mako su ɗauki labari ɗaya da ke yawo, su faɗi inda ya fito da matsayinsa, da Hausa, ko da labarin yana taimakon ɓangarensu ne. Marubutanmu su rubuta a bangon littafi ko a farkon rubutun waya cewa ƙagaggen labari ne, idan kuma sun taɓa sarakuna da malaman da suka rayu, su nuna inda tarihi ya tsaya da inda alƙalaminsu ya ci gaba. Ɗaliban tarihi na jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou kuma su shiga Birni da Zango da Garin Malam da na'urar ɗaukar murya, su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji daga wurinsa, su ɗauki hoton kundayen da ke cikin gafakoki kafin gara ta gama da su.